Baban Lauya

A layin da yake da shagon walda babu wanda ya san shi da wani suna sai Baban Lauya. Haka mai shayin bakin titi yake kiransa, haka masu kawo gyaran ƙofa da taga suka ajiye lambarsa a wayoyinsu. Matarsa kuma Maman Lauya. Shi kansa in ya buga waya aka ce wa ke magana, sai ya ji bakinsa ya riga shi: “Baban Lauya ne.”

Lauya ba ta taɓa taka kotu ba. Yarinya ce ’yar shekara goma sha shida, doguwa, siririya, mai baki kamar reza. Ta samo sunan tun tana ’yar shekara huɗu, ranar da ta fasa kofin tangaran aka tsare ta da tambaya, ta ɗaga kai ta ce ita ba ta fasa komai ba, sakinsa kawai ta yi, siminti ne ya fasa. Daga ranar sunanta na gaskiya ya ɓace daga bakin mutane, ya koma cikin takarda. Takardar ce kuwa ta zo daga baya ta tsaya wa Baban Lauya a wuya.

Ba shi ya haife ta ba. ’Yar yayansa ce. Tana wata biyar mota ta kife da iyayenta a hanyar dawowa daga dubiya, ita kaɗai aka ciro ba ko ƙwarzane. A lokacin bai fi wata takwas da aure ba. Ya ɗauko ta cikin tawul ya miƙa wa amaryarsa, ita kuma ta karɓa, ta juya baya ta ce ya ɗora mata. Ba a ɓoye wa yarinyar komai ba. Ta taso da sanin akwai wani baba da wata mama da suka rasu, tana yi musu addu’a kamar yadda ake yi wa kakanni, amma Baba shi ne wannan mai ƙamshin ƙonannen ƙarfe, Umma kuma ita ce mai keken ɗinki a falo.

Da ya je ofishin rajistar haihuwa zai yi mata takarda, magatakardan wani dattijo ne mai tabarau da aka ɗaure hannunsa da zare. Ya saurari labarin, ya tsayar da biro a kan layin sunan uba.

“Malam, sa naka kawai. Kai za ka riƙe ta, kai za ka yi ta yawon ofis-ofis da ita. Wata rana za ka gode min.”

“A’a,” in ji shi. “Yayana bai bar gida ba, bai bar mota ba, ko hoton kirki bai bari ba. Wannan layin guda shi kaɗai ne inda sunansa zai zauna a duniya. Ba zan ture shi in zauna ba.”

Dattijon ya dube shi ta saman tabarau, ya girgiza kai, ya rubuta.

Shekara da shekaru Baban Lauya yana alfahari da wannan amsa a ransa. Mutum ne da bai wuce aji huɗu a makaranta ba, amma ya koya wa kansa karatu da tsofaffin jaridu da littattafan injina, kuma yana da son juya magana a kai: mene ne daidai, mene ne ba daidai ba, kuma in daidai biyu suka yi karo wanne zai kauce. Yakan ajiye wa mai shayi irin wannan tambaya da safe, mai shayi ya ce, “Baban Lauya, sha shayinka, ka bar kaina ya huta.” A duk abin da ya taɓa yi, yana ganin wancan layin na ofishin rajista shi ne wanda babu tabo a jikinsa.

Sai da suka shekara bakwai da aure sannan Auta ya zo. Yaro ne mai manyan idanu da dariyar da ba ta jimawa, don in ya ƙyalƙyale sai numfashi ya tsaya masa, leɓɓansa su yi shuɗi. Likita ya ce rami ne a zuciya, da wata hanya da ta tsuke. Ɗakin yaran matsattse ne, ƙofarsa kuma ’yar siririya, saboda haka da za a yi musu gado mai hawa biyu sai Baban Lauya ya shigo da ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, ya jawo injin walda har cikin ɗakin, ya haɗa shi a nan. Ya buga masa guduma ya ce, “Wannan gadon sai dai a rushe gidan a bar shi tsaye.” Lauya ta hau sama, Auta ya zauna ƙasa don ba ya iya hawa tsani. Kowace safiya, kafin ta buɗe ido sosai, sai ta ƙwanƙwasa ƙafar gadon sau biyu da zobenta, shi kuma ya amsa daga ƙasa da cokalin maganinsa. Iyayen sun ɗauka wasa ne. Sai da aka daɗe Umma ta gane cewa yarinyar tambaya take yi ko ƙanenta ya kwana da rai.

A bara likitan ya rufe fayil ya haɗa hannuwansa a kai. Ya ce aikin da Auta yake bukata ba a yinsa a ƙasar gaba ɗaya, ba kayan aiki, ba masu yi. Ya ce abin da ya rage wa yaron shekara guda ne, in an yi sa’a shekara da rabi.

Wata uku bayan haka wani kamfanin ƙera jiragen ruwa na wata ƙasa ya turo mutanensa neman masu walda. Mutum fiye da ɗari biyu suka yi layi a rana. Aka ba kowa bututu biyu ya haɗa, aka kai aka haska da na’ura ana neman kumfa ko tsaga a cikin ɗinkin. Goma sha ɗaya suka tsallake, har da Baban Lauya. Takardar ɗaukar aiki ta ce akwai gida, akwai makaranta, akwai asibiti ga ma’aikaci da iyalinsa. Da Lauya ta karanta musu layin asibitin, Umma ta zame daga kan kujerar keke ta zauna a ƙasa tana kuka tana hamdala.

Gidan ya kacame da murna. Lauya ce kaɗai take jin harshen ƙasar sosai, don shi ne abin da take cinye kowa da shi a makaranta, saboda haka ita ta zama magatakardar gida. Ta baje fom-fom a kan teburin yankan Umma, ta ture almakashi gefe.

“Baba, an ce launin ido. Me zan rubuta? Jan walda?”

“Rubuta abin da kika gani, mara kunya.”

“An ce ko ka taɓa aikata laifi. In sa maganar shayin Umma da kake shanyewa ka ce ƙuda ne ya faɗa?”

Auta ya fara dariya, Umma ta daka mata tsawa ta bar sa shi dariya, ita ma tana danne tata.

Kwana kamar goma ana haka. Sai wata rana Baban Lauya ya lura yarinyar ta daina zolaya. Tana cike takardun dai, amma shiru, kuma ta samo wani ƙaramin littafi tana rubuta sunayen magungunan Auta da lokutansu da manyan baƙaƙe, tana sa yaron yana maimaitawa. Ya ɗauka gajiya ce.

Ranar da ya kai takardun ofishin wakilan kamfanin, wata mata mai gajeren gashi ta jera su a tebur tana dubawa da bakin fensir. Ta zo kan takardar haihuwar Lauya ta tsaya.

“Wannan sunan uban ba naka ba ne.”

Ya gyara zama ya ba ta labarin, yadda ya saba bayarwa, har da dattijo mai tabarau. Ta saurara har ƙarshe, abin da ya sa ya ji daɗinta. Sannan ta juyo masa da wani shafi ta ɗora fensir a kan wani sakin layi. Iyali, a wurin hukumar waccan ƙasa, su ne mata da ’ya’yan da mutum ya haifa, ko waɗanda kotu ta mallaka masa da takarda aƙalla shekara biyu kafin ya nema, kuma waɗanda ba su kai goma sha takwas ba.

“To in je kotun gobe.”

“Ka je. Amma ƙirga da kanka, Malam. In an ba ka takardar a wata shida, an yi maka sauri. Ka ƙara shekara biyu. Shekarunta nawa a lokacin?”

Ya ƙirga. Za ta wuce goma sha takwas.

“Kuma kamfani ba zai riƙe maka gurbi fiye da wata uku ba,” in ji ta, muryarta ta yi ƙasa. “Yi haƙuri. Wallahi da ni ce mai dokar…” Ba ta ƙarasa ba. Ta zare takardun Lauya daga cikin tarin ta miƙo masa da hannu biyu.

A bakin ƙofar ofishin akwai wata bishiya, a gindinta wani mutum mai jaka da farar hula wanda da ganin fuskar masu fitowa yake gane damuwarsu. Ya bi Baban Lauya har bakin titi. “Maigida, matsalar takardar haihuwa ce ko? Kwana biyu kacal. Da hatimi, da sa hannu, da tsufan takarda, uwar da ta haifi magatakarda ba za ta bambance ba.” Baban Lauya ya wuce bai kula shi ba. Ya yi taku kamar ashirin, ya tsaya, ya dawo.

Da ya gaya wa matarsa abin da aka ce a ofis, yaran suna makaranta, tana tsakiyar ɗinka wuyan wata riga. Ƙafarta ta tsaya a kan keke.

“Ba ’yarmu ba ce? Wa ya ce? Su zo su tambayi bayana. Shekara biyu tana kansa, har yau in hadari ya taso ina jin wurin.”

“Takarda suke tambaya, Maman Lauya.”

“To ba za mu ba. A fasa.”

Idonta ya kai kan kwalaben magani da ke jere a kan taga.

“Ka tafi da Auta, ni in zauna da ita,” ta ce.

“Ina aikin awa goma a cikin jirgi. Wa zai zauna a kansa in an tsaga masa ƙirji?”

“To ku zauna, ni…” Ta ji wautar maganar tun kafin ta gama, don ba ita aka ɗauka aiki ba. Sai ta juyo ta dube shi da wani irin kallo da bai taɓa gani a fuskarta ba cikin shekara goma sha bakwai. “Tsohon nan ya gaya maka. Da bakinka ka ba ni labari, kana murmushi. Ya ce sa naka. Yayanka yana kabari, me suna a takarda ya ƙara masa? Kai dai a ce kai mai gaskiya ne.”

Ta rufe bakinta da tafin hannu kamar za ta mayar da maganar ciki, amma ta riga ta fita. Ya ɗauki hularsa ya koma shago.

Ranar ya ƙona sandar walda ta fi goma bai haɗa abin kirki ba. Tambayar da matarsa ta jefa masa ta fi duk wadda ya taɓa ajiye wa mai shayi nauyi. Don yayansa ya yi, ko don ya riƙa jin daɗin kansa? In mutum ya yi abu da kyakkyawar niyya ya zo ya cuci wanda bai ji ba bai gani ba bayan shekara goma sha shida, abin yana nan a kyakkyawansa ko ya lalace tun daga tushe? Ya juya ta, ya juya ta, ba ta ba shi baki ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya san in da za a mayar da shi gaban dattijon nan, bai san abin da ke tafe ba, amsar da zai bayar ke nan.

Bayan kwana biyu ya karɓo sabuwar takardar. Mai farar hula bai yi ƙarya ba. Har ta ɗan yi ja a gefe kamar ta shekara a akwati. A layin uba ga sunansa nan zaune. Ya daɗe yana kallonta a bayan shago, yana mamakin yadda takardar ƙarya ta fi ta gaskiya faɗin abin da ya faru a gidansa.

Da azahar Lauya ta kawo masa abinci, kamar yadda take yi duk ranar da aka tashi makaranta da wuri. Ta share bencin ƙarfe da gefen mayafinta ta zauna.

“Baba, kai da Umma kun yi faɗa.”

“Wa ya gaya miki?”

“Ta zuba maka nama uku. Ba ta yin haka sai in ita ce da laifi.”

Ya so ya yi dariya, ta ƙi zuwa. Ya goge hannunsa, ya ciro takardar daga aljihu ya miƙa mata ba bayani. Ta buɗe. Ta karanta daga sama har ƙasa, ta dawo ta ɗora yatsa a kan sunansa, ta bar shi a nan. Injin niƙan maƙwabta ya tashi, ya yi ta ruri, ya mutu, ba ta ɗaga kai ba.

“Sun iya aiki,” ta ce daga ƙarshe.

“Kin san dalili ke nan.”

“Shafi na tara, sakin layi na uku. Na karanta tun ranar Talatar waccan.”

“Kika yi shiru?”

“Umma tana waƙa a kan keke, Baba. Yaushe rabon ka ji ta tana waƙa?”

Ya kau da kai. Ta ninke takardar a hankali ta bi layin ninkinta.

“To bari in yi aikina, tunda ku kuka sa min sunan. Na ɗaya, makarantarmu da asibitin da aka yi min allura duk da tsohon suna suka san ni, kuma ofishin jakadanci yana bincike. Na biyu, shafi na sha ɗaya ya ce in sun yi shakka za su gwada jini. Jinina zai ce kai ɗan’uwan babana ne, ba zai iya yi mana kara ba. Na uku, duk wanda aka kama da takardar jabu za a hana shi shiga, shi da duk wanda ke cikin fayil ɗinsa, har shekara goma.” Ta ɗago. “Auta ba shi da shekara goman da zai jira, Baba.”

“Wataƙila ba za su bincika ba.”

“Wataƙila. Za ka ɗora zuciyar Auta a kan wataƙila?”

“In bar ki a nan kamar kayan da bai shiga akwati ba?”

“Gidan Gwaggo zan koma, ba daji ba. Shekara biyu in gama makaranta, in nemi gurbin karatu a can da ƙoƙarina, in zo in same ku kun manta yadda ake gaisuwa.” Ta yi murmushi. Su biyun sun san mutum nawa ne ke samun irin wannan gurbi.

“Laifina ne,” ya ce. “Da na ji maganar tsohon nan…”

“Da ban san sunan wanda ya haife ni ba sai a bakin mutane. Ci abincinka, zai huce.”

Ya miƙa hannu don ta ba shi takardar ya cusa a wuta. Ta noƙe, ta sa ta cikin jakar makaranta.

“Ni zan zubar,” in ji ta.

Ranar ganawa a ofishin jakadanci suka tafi su huɗu. An yarda wanda bai jin harshen ya zo da tafinta, saboda haka Lauya ta sa rigarta mai kyau, wadda Umma ta ɗinka mata da niyyar ta sauka jirgi da ita. Suka zauna a kujerun roba awa uku, Auta ya jingina da kafaɗarta yana wasa da zobenta. Da lambarsu ta fito suka tsaya gaban wata taga ta gilashi mai kauri. Jami’ar da ke ciki ta dubi fayil, ta ƙirga su da ido, ta nuna Lauya ta yi tambaya. Lauya ta amsa nan take.

“Me ta ce?” in ji Baban Lauya.

“Ta ce ni wace ce. Na ce ’yar yayanka ce, na zo yi muku tafinta.”

Bai taɓa jin ta kira kanta haka ba. Umma ta damƙe hannun Auta har yaron ya ce wash.

Tambayoyi suka biyo baya, Lauya tana juyawa da murya madaidaiciya kamar mai karanta labarai. Shekara nawa yana walda. Wane irin ƙarfe. Yaushe suka yi aure. Ko ya taɓa fita ƙasar waje. Sai jami’ar ta yi wata gajeriyar tambaya ba ta ko ɗago ba. Lauya ta ɗan jinkirta kafin ta juyo.

“Tana tambaya ’ya’yanka nawa.”

Ya buɗe baki. Ya san amsar da fayil ke jira, ya kwana uku yana gwada ta a shago shi kaɗai, amma harshensa ya yi nauyi kamar an narka masa dalma a kai. In ya ce biyu ya yi wa hukuma ƙarya. In ya ce ɗaya, a gaban wa zai faɗa? Jami’ar ta ɗago ta dube shi, ta dubi agogo. Bayansu layi ya fara motsi.

“Baba,” in ji Lauya a hankali, “ka motsa bakinka kawai. Ka ce komai.”

Abin da ya fito shi ne, “’Yata.”

Ta juya ga gilashin ta faɗi kalma guda. Baban Lauya bai jin harshen, amma ya san lambobinsa daga littattafan injina da tef ɗin awo. Ya san yadda ake cewa biyu, kuma ba shi ta faɗa ba.

Jami’ar ta danna wani abu, ta tattara fasfo uku, ta ce su dawo ranar Alhamis. Ta yi wa Lauya murmushi ta ƙara wata magana.

“Ta ce na iya harshensu,” in ji Lauya da suka fito rana. “Ta ce ya kamata wata rana in ziyarci ƙasarsu.” Sai ta ce tana son ban-ɗaki, ta tafi, ta daɗe ba ta dawo ba.

Ranar Alhamis aka ba su ukun izinin shiga ƙasar. Sauran kwanakin suka zube kamar ruwa a rariya. Aka sayar da keken ɗinki, aka ba mai shayi bencin ƙarfe. Gwaggo, yayar Baban Lauya mace, ta zo ta ce ɗakin ’yarta da ta yi aure yana nan ba kowa, sai dai babu gado a ciki. Lauya ta ce ita nata take so, ba sabo ba.

Gadon kuwa ba ya fita ta ƙofar. Shi ya yi shi haka da hannunsa.

Ana jibi tafiya, da hantsi, ya shigo ɗakin yaran da injin yankan ƙarfe. Akwatuna uku suna jingine a falo. Ya sa alli ya zana inda zai yanke a ƙafafu huɗun, daidai ƙarƙashin hawa na sama, inda ɗinkin waldarsa yake kwance lumui ba ko kumfa. Ya ɗaga katifar sama zai sauke, sai ga wata leda a shimfiɗe a kan raga. A ciki takardar mai farar hula ce, an goge ninkinta, an manna ta a jikin kwali don kada ta lanƙwashe.

Ya juyo. Lauya tana bakin ƙofa riƙe da tsintsiya.

“Kin ce za ki zubar.”

“Na ce ni zan zubar. Ban ce yaushe ba.” Ta zo ta zare ledar daga hannunsa ta rungume a ƙirji. “Ba inda zan kai ta, Baba. Kallo kawai nake yi.”

Yana da tambayoyi da yawa da ya tara a rayuwarsa, amma bai sami ko guda da zai yi mata ba. Ya jawo garkuwar fuska ta walda ya rufe, duk da yanka ba ya bukatar baƙin gilashi.

“Riƙe min nan,” ya ce daga ciki, muryarsa ta toshe.

Ta ajiye ledar ta riƙe. Tartsatsi ya cika ɗakin. Ƙarfen ya yi gardama, don ba a yi shi don a raba ba, sai da ya canza faifan yanka sau biyu. Da ƙafa ta huɗu ta saki, su biyu suka sauke hawan sama suka jingina shi da bango, ya zama wani gajeren gado mai guntayen ƙafafu, gefensu yana hayaƙi. Ya ɗauki magagari ya bi bakin kowace ƙafa yana gogewa don kada ta yanke ta, ya yi ta gogewa har bayan ta yi santsi.

Auta ya leƙo daga falo. An gaya masa Yaya za ta biyo su daga baya, ya kuma yarda, don Yaya ba ta taɓa faɗin abu bai faru ba. Ya dubi gadonsa da babu komai a samansa sai silin, ya zo ya zauna a bakinsa. Ya ciro cokalin maganinsa daga aljihu ya buga ƙafar gadon sau biyu, ya kasa kunne wajen rabin da ke jingine da bango.

“Yaya, ba ya zuwa wurinki yanzu.”

Lauya ta durƙusa ta buga nata da zobe, sau biyu.

“Ina ji,” ta ce. “Ka dinga bugawa kowace safiya, ko ina kake. Kar ka yi fashi.”

Daga waje mai motar ɗaukar kaya ya danna ham, ya ɗaga murya: “Baban Lauya! A fito da gadon, rana tana yi!”

Bai cire garkuwar ba. Ya sunkuya ya kama gefe guda, ta kama ɗayan, suka karkata shi, ya bi ta ƙofar ba tare da ya ko taɓa bango ba.